Takardar inshora ba ta riƙe bango, ku daina ruɗin yaron nan

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan maganar gidan nan. Waɗanda suka je walimar sun san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba. Yaro ya yi shekaru yana aikin dare yana tara kuɗi, ya samu gida a gefen Manchester, lauyarsa ta ce masa kicin ɗin da aka ƙara a bayan gidan ba shi da satifiket ɗin masu duba gini na kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, ya zo neman shawara wajen manya, sai manya suka taru suka ce masa kai dai karɓi inshorar da mai gidan zai saya maka ka sa hannu, kowa haka yake yi. Har wani yana cewa wai tsoro ne ke hana mutanenmu mallakar gida a ƙasar nan. Haba Alhaji! Gidan da zai sa matarsa da jaririnsa a ciki ake magana fa.

Inshorar nan ba ta riƙe bango. Abin da kawai nake so ya shiga kunnen mutane ke nan, zan kuma yi ta faɗa ko an gaji da ni. Abin da take rufewa abu ɗaya ne, idan kansul ta taso maka ta ce ka rushe ko ka gyara saboda babu izini, to za su ɗauki kuɗin shari'a da asarar da hakan ta jawo. Shi ke nan. Idan ƙarfen da aka ɗora saman bene a kansa ya yi ƙanƙanta, silin ya fara lotsawa, bango ya tsage daga kusurwar taga, ruwa ya fara shigowa ta rufin nan na shimfiɗe, ba za su ba ka ko fam ɗaya ba, ka je ka karanta takardar da idonka, a rubuce yake. Shi ya sa kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sau ɗaya ake biya, kuma mai sayarwa yana rawar jiki ya biya maka, don kamfanin inshorar ya san da wuya kansul ta zo kan tsohon gini. An sayar maka da kariya daga abin da da wuya ya faru, an bar ka da abin da yake iya faɗowa a kan iyalinka.

Kuma akwai sharaɗin da ba a faɗa wa yaron ba jiya. Ranar da ka ɗaga waya ka kira kansul kana tambaya kan wannan ginin, inshorar ta mutu. In ma tun kafin a saya ka kira su, to ba za a sayar maka da ita ba sam. Wato takardar tana ɗaure maka baki ne, kada ka tambayi mutanen da aikinsu shi ne su gaya maka ko ginin na da lafiya. Ni wannan kaɗai ya ishe ni in tsaya in yi tunani sau biyu.

Wani ya miƙe yana cewa ai ginin ya fi shekara goma, ya zama halal a doka. To Malam, abu biyu kake cakuɗawa. Izinin tsara gari daban, shi ne wanda ke duba ko ginin ya tare wa maƙwabci haske, ko ya yi tsayi, ko ya ɓata fasalin unguwa. Wannan a Ingila a da shekara 4 ne kansul ke da shi na ɗaukar mataki kan gini, daga Afrilun 2024 aka mayar da shi shekara 10. Ka'idojin gini kuma daban, su ne na fandisho da ƙarfe da hanyar tsira daga gobara da magudanar ruwa da wayar wuta da iskar shaƙa. Ƙaramin kari a bayan gida sau da yawa ba ya ma buƙatar izinin farko, amma na biyun dole ne. A ƙarƙashin dokar gini ta 1984 kansul na da wata 12 ta ba da takardar a rushe ko a gyara, dokar 2022 da ta biyo bayan gobarar dogon benen Grenfell a Landan, inda mutum 72 suka rasu a 2017, ta tsawaita shi zuwa shekara 10 daga Oktoban 2023, kuma tun asali ƙofar zuwa kotu neman umarni ba ta da wa'adi. Amma ku bar ma wannan duka. Na yarda kansul ba za ta zo ba har abada. To sai me? Wa'adin da ya wuce na kansul ne. Ƙarfen da bai kai ba yana nan bai kai ba, ko shekara nawa aka yi.

Ku tsaya ku yi tunanin yadda ake irin wannan karin. Gidajen nan na jere na jan bulo da muke iya saya, yawancinsu sun haura shekara ɗari. Don a buɗe kicin ya zama babba, sai an fasa bangon baya na asali, wanda shi ke ɗauke da ɗakin sama da wani ɓangare na rufi. Sai a sa dogon ƙarfe a gurbinsa, kuma girman ƙarfen injiniya ne ke lissafawa, da abin da za a ɗora bakinsa a kai ta kowane gefe. Mai duba gini na zuwa tun ana haƙa ramin fandisho, ya ga zurfinsa kafin a zuba kankare, ya dawo ya ga ƙarfen kafin a rufe shi da filasta, a ƙarshe ya ba da satifiket. Idan babu satifiket, sau da yawa ma'anarsa babu wani mai zaman kansa da ya ga waɗannan abubuwan, ko kuma ya gani bai gamsu ba aka ƙi kiransa ya dawo. Yanzu duk an shafe da fenti an jera kabad masu sheƙi. A wurare irin su Landan inda ƙasar yumɓu ce, tana kumbura da damina tana tsukewa da rani, ga bishiya kusa tana shanye ruwa, fandisho marar zurfi sai ya fara sauka a hankali, karin ya dinga rabuwa da uwar gidan. Ga masu cire bangon murhun hayaƙi a ƙasa don ɗaki ya yi faɗi, su bar tulin bulo a sama ba abin da ya tokare shi na kirki. Wanne daga cikin waɗannan inshorar ke gyarawa? Babu ko ɗaya.

Sai aka ce ai banki ya yarda. Banki kuɗinsa yake karewa. Wanda bankin ke turowa ya duba gida kimar kuɗin gidan yake dubawa, wani lokacin ko shiga ba ya yi, daga kwamfuta yake gamawa. Ko bankin Musulunci ka bi, irin su Gatehouse, don gudun riba, wanda abu ne mai kyau Allah ya ba da lada, su ma ba su ne za su fasa filasta su duba maka ƙarfe ba. Ita ma lauya takardu take dubawa, ba ta taɓa taka gidan ba kuma ba aikinta ba ne. Dillali kuwa mai sayarwa ne ke biyansa, sai an yi ciniki yake samun nasa, don haka in ya ce maka akwai wasu mutum biyu a layi ka yi sauri, ka san daga inda maganar ta fito.

Ni ban ce kada ya sayi gidan ba, kada a je a ce na ce. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da irin wannan matsalar kuma wasunsu ginin garau yake, takarda ce kawai ta ɓata ko mai gidan na da ya yi sakaci. Abin da na ce, kuma har yanzu ina kan bakana, ya kashe kuɗi ya ɗauki safiyo mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyo, ya yi masa bincike mataki na 3, wato mafi zurfi, ba na 2 ba, in safiyon ya nuna shakka ya kawo injiniyan gini, a nemi izinin mai gida a ɗan buɗe filasta a ga ƙarfen, a haƙa ɗan rami a gefen bango a ga fandisho. In mai gida ya ƙi, wannan ma amsa ce. Kuɗin wannan binciken 'yan ɗaruruwan fam ne zuwa sama kaɗan, a kan gidan da za ka yi shekara 25 kana biya. Kuma duk wannan kafin musayar kwantiragi, don daga ranar da aka yi musaya ka ajiye kashi 10 cikin ɗari, gidan da aibinsa sun zama naka, in ka janye kuɗin ajiyar ya tafi. Dokar ƙasar nan mai saye ne ke da alhakin buɗe idonsa.

Akwai ma hanya ta gaskiya da babu wanda ya ambata jiya. Idan an yi aikin daga 11 ga Nuwamba 1985 zuwa yau, ana iya neman kansul ta zo ta duba ta ba da satifiket na bayan fage. Za su ce a buɗe nan a buɗe can, in akwai gyara a yi, sannan su sa hannu. Yana cin lokaci, yana cin kuɗi, kuma in aka bi nan ƙofar inshora ta rufe, shi ya sa masu sayarwa ba sa so. Amma wannan aikin mai sayarwa ne, ko ya yi, ko ya rage farashi daidai da abin da injiniya ya ce gyaran zai ci. In kuma ginin ya girmi 1985 wannan hanyar ba ta buɗe ba, rahoton injiniya ne kawai abin dogaronka. 'Yan uwanmu na Glasgow da Aberdeen ku kuma tsarinku daban ne, ku tambayi lauyan can.

Sannan ya tambayi inda magudanar ruwa ta bi. Tun Oktoban 2011 yawancin bututun ƙazanta da gidaje ke tarayya a kansu suka koma hannun kamfanonin ruwa, in karin yana zaune a kan irin wannan bututun ba tare da yarjejeniya ba, wata rigimar ce daban da nata takardun. Wayar wutar kicin ɗin fa, wa ya ja ta? Tukunyar gas ɗin da aka mayar can, mai rajistar Gas Safe, wato wanda doka ta yarda ya yi aikin gas, ne ya haɗa ko wani ne da aka samo da araha? Waɗannan tambayoyin ba tsoro ba ne Alhaji, hankali ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da aka kawo maganar tawakkali. Wai in ajali ya zo ko a wane gida kake sai ka tafi. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna, shi ya ba mai saye haƙƙin mayar da kaya in an ɓoye masa aibi, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Yaron nan wata rana shi ma zai sayar da gidan, lauyan mai saye zai yi masa wannan tambayar sak, zai cike fom ɗin bayanin gida da hannunsa. Me kuke so ya rubuta? Ya miƙa wa wani bawan Allah abin da shi ma bai san lafiyarsa ba? Don Allah manyanmu, in ba fanninku ba ne ku ce masa je ka tambayi masani, ba abin kunya ba ne. Shawarar da kuka bayar kuna cin shinkafa, shi ne zai kwana a ƙarƙashinta, ku kuna gidajenku.

Ƙanena, in kana karanta wannan, kada kunyar manya ta sa ka sa hannu. Ka gaishe su da ladabi, ka gode musu, ka je ka kira injiniya. In gidan ya kuɓuce maka saboda ka tsaya bincike, Allah zai ba ka wani.

Tunda ma an zo nan, masu ba ɗalibanmu sababbin zuwa hayar ɗakin cikin rufi, ku ji tsoron Allah. Na shiga wani irin wannan da aka kai wata yarinya 'yar Katsina da ta zo digiri na biyu, matattakalar kamar tsani, ƙofar ba ta jure wuta ba ce, ƙararrawar hayaƙin an cire mata batir, taga ɗaya ce a saman rufi, kuma ana karɓar kuɗinta duk wata cif. Mai gidan ɗan uwanmu ne, a sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Na yi masa magana ya ce haka ya sayi gidan. Duk wanda ya san ɗaki na ƙasa da ake bayarwa kusa da jami'a ya yi min magana ta waya, so nake ta tashi kafin sanyi ya shigo a fara kunna hita a can sama.