Zafin cikin jirgi kafin tashi: digiri nawa ne doka za ta ce ya isa?

Ranar 17 ga Yuli, 2023, jirgin kamfanin Delta mai lamba 555 ya ɗebi fasinjoji a filin jirgin Harry Reid da ke Las Vegas a Amurka, zai tafi Atlanta. Bai tashi ba. Zafin garin a ranar ya kai digiri 44 a ma'aunin Salshiyas, jirgin kuma yana kan kwalta, ɗan sanyin da ke fitowa daga rufinsa bai taka kara ya karya ba. Mutane suka fara sumewa. Daga ƙarshe sai da aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya, aka kai fasinja da ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin asibiti, aka soke tafiyar. Kamfanin ya ba da haƙuri, sakataren sufuri na lokacin, Pete Buttigieg, ya ce ma'aikatarsa za ta bincika.

To, a binciki me? In an ce kamfani ya karya doka, dole a nuna layin da ya tsallake. A dokokin sufurin sama na Amurka, ƙasar da ta fi kowa yawan jirage, babu inda aka rubuta cewa in zafin cikin jirgi ya kai digiri kaza a daina loda fasinja, ko a sauke waɗanda ke ciki. Abin da doka ta ce kawai shi ne kamfani ya tanadi yanayi mai daɗin zama idan jinkiri ya yi tsawo. Wanda zai auna daɗin zaman kuwa shi ne kamfanin da kansa. A ganina nan ne gizo ke saƙa, kuma matsalar ba ta tsaya a Amurka ba.

Akwai dokar lokaci, gaskiya ne, kuma da wahala aka samo ta. A Fabrairun 2007 ƙanƙara ta tsare jiragen JetBlue a filin JFK na New York, wasu fasinjoji suka yi kusan sa'o'i 10 a kulle. A Agustan 2009 mutum 47 suka kwana cikin wani ƙaramin jirgi a Rochester ta jihar Minnesota, ga ginin filin jirgin suna hangowa. Bayan wannan abin kunya ne aka kafa ƙa'idar da ta fara aiki a Afrilun 2010: jirgin cikin gida ba zai riƙe fasinja a ƙasa fiye da sa'o'i 3 ba tare da an ba shi damar sauka ba, ruwa da abin taɓawa kuma kafin a cika sa'o'i 2. A 2011 aka ƙara da jiragen ƙasa da ƙasa, su sa'o'i 4. Dokar ta yi aiki, irin wancan dogon kulle ya ragu ƙwarai. Sai dai an ɗinka ta ne don maganin yunwa da cikar ban-ɗaki da gajiyar zama. Zafi ba ya jiran sa'o'i 3. A Yunin 2017, a Denver, wani jariri ɗan wata 4 ya galabaita a hannun mahaifiyarsa cikin jirgin United da ke jiran tashi, har aka garzaya da shi asibiti, alhali jinkirin bai kai iyakar da doka ta yanka ba.

Mutane da yawa suna ɗauka iyakwandishan jirgi irin na gida ne, a danna maɓalli sanyi ya zo. Ba haka yake ba. A yawancin jiragen fasinja, sanyin daga zafi ake samo shi. Ana zuƙo iska daga cikin inji bayan an matse ta, zafinta ya haura digiri 200, a bi da ita ta wasu bututu da iskar waje ke fifitawa, a sake matse ta, sannan a sake ta ta buɗe lokaci guda, sai ta fito da sanyi ƙarara. A sararin sama wannan aiki ba wuya, domin injuna na aiki da ƙarfi, iskar waje kuma takan yi ƙasa da sifili da digiri 50. A ƙasa komai ya juye. Injin da ke jiran layi a hankali yake juyawa, iskar da yake bayarwa ba ta da ƙarfi, wadda za ta fifita bututun kuma daga kan kwalta mai ƙuna take tasowa. Ga rana na dukan jikin jirgin. Ga mutane: kowane baligi da ke zaune shiru yana fitar da zafi kimanin wat 100, wato fasinja 180 sun kai kilowat 18, ban da fitilu da talabijin ɗin bayan kujera. Duk wanda ya taɓa zama a motar haya a tasha da tsakar rana ana jiran cikon mutum ɗaya ya san yadda abin yake, sai dai shi yana iya sauke gilashi ko ya fita ya tsaya a inuwa.

Kafin a tayar da manyan injuna, hanya biyu ce ta samun sanyi. Ta farko wani ƙaramin inji ne da ke ɓoye a wutsiyar jirgi, ma'aikata na kiransa APU, shi ke ba da lantarki da iska. Ta biyu ita ce ƙatuwar mesa, galibi ruwan ɗorawa, da ake jonawa a cikin jirgi daga ƙarƙashin gadar shiga ko daga wata mota ta musamman, tana hura sanyi daga waje. Janareton da ake jawowa gefen jirgi wuta kawai yake bayarwa. Fitila za ta kama, amma sanyi ba zai zo ba. Shi ya sa za ka ga komai a kunne, kana ta murɗa ɗan bakin iskar da ke saman kanka, abin da ke fitowa kuwa huci ne.

Kowace cikin hanyoyin nan biyu kuɗi ce. APU man jirgi yake sha, kuma yawan kunna shi na kusanto da lokacin gyaransa, don haka kamfanoni kan ƙarfafa wa matuƙa su jinkirta tayar da shi. Filayen jiragen Turai da dama sun taƙaita mintunan da za a bar shi a kunne saboda ƙara da hayaƙi, wanda hujja ce mai kyau in har mesar da za ta maye gurbinsa tana aiki. Sau tari ba ta aiki, ko ta lanƙwashe, ko an cire ta da wuri don a tura jirgi baya. Abin da ya fi ɗaure kai ga wanda bai sani ba shi ne, ƙa'ida ta yarda jirgi ya ci gaba da jigila na wasu kwanaki ko da APU ɗinsa ya lalace, tunda lalacewarsa ba ta hana tashi lafiya. Ta fuskar injiniya wannan daidai ne. Amma a tura irin wannan jirgi Las Vegas ko Doha ko Kano a tsakiyar bazara, wannan shawara ce ta ofis, mutum ne ya zauna ya yanke ta, kuma ba shi zai zauna a kujera ta 32 ba.

Ba kuma suma kaɗai ake tsoro ba. A 1977, a garin Homer na jihar Alaska, wani jirgi ya samu matsalar inji, akasarin fasinjoji suka zauna a ciki kimanin sa'o'i 3 da na'urar iska a kashe. Mutum ɗaya ne mai mura a cikinsu. Cikin 'yan kwanaki kashi 72 cikin 100 na mutum 54 da ke jirgin suka kamu. Likitocin annoba har gobe suna kafa misali da wannan. A 2003 hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta fitar da takardar shawara cewa idan iska ta tsaya a jirgin da ke ƙasa, a fitar da fasinjoji kafin a wuce minti 30. Shawara ce, ba tilas ba. Shekara fiye da 20 ke nan tana nan a matsayin shawara.

Abin da ya faru a Kanada ya nuna inda rashin tilas ke kaiwa. Ranar 31 ga Yuli, 2017, hadari ya hana sauka a Montreal, aka karkatar da jirage Ottawa, ciki har da biyu na Air Transat, ɗaya daga Brussels, ɗaya daga Rum. Na Brussels ya yi kusan sa'o'i 6 a ƙasa da fasinja sama da 300. Man da ke cikinsa ya ƙare, wuta ta ɗauke, sanyi ya tsaya. Sai da wani fasinja ya kira lambar gaggawa ta 911 daga kan kujerarsa. Hukumar sufurin Kanada ta ci kamfanin tarar dalar Kanada 295,000, kuma dokar kare fasinja da ƙasar ta fara aiki da ita a Yulin 2019 ta ambaci iska da sanyaya jirgi ƙarara. Amma ko ita ba ta faɗi digiri ba.

Lambar kuwa ba ɓata ta yi ba. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta daɗe da fitar da mizani na jiragen fasinja: daga digiri 18 zuwa 24, kada a wuce wajen 27. Ƙungiyar ma'aikatan cikin jirgi ta Amurka, AFA, ƙarƙashin Sara Nelson, ta kai wa gwamnati koke a Yulin 2018 a mayar da wannan doka, ta raba wa mambobinta ƙananan ma'aunan zafi, ta kuma fito da manhajar waya mai suna 2Hot2Cold don a riƙa kai rahoto. Su ne suka fi kowa sanin ciwon, su ke tsaye suna ɗaga jakunkuna cikin kayan aiki, su kuma fasinja ke zagi. Abin da suka samu a dokar sufurin sama ta Amurka da aka sa wa hannu a Mayun 2024 shi ne umarnin a gudanar da nazari. Nazari kuma! Kamar akwai wanda ke shakkar cewa digiri 35 a rufaffen wuri na cutar da tsoho mai hawan jini.

Kamfanoni na da hujjarsu, kuma ba zan ce shirme ce ba. Jirgin da ya koma ya sauke fasinja ya rasa layinsa na tashi. Sauke mutum 200 da sake loda su na cin sa'a guda ko fiye, kafin nan sa'o'in aikin matuƙa na iya cika, doka ta hana su tashi, sai a soke tafiyar gaba ɗaya. An ma ga haka bayan dokar sa'o'i 3: wasu kamfanoni sun gwammace su soke jirgi da su yi kasadar tara, fasinja ya kwana a hanya. Akwai kuma mai cewa in ka tambayi mutanen da ke ciki, da yawansu za su zaɓi su daure minti 20 su tashi.

Na yarda da wannan duka, amma ina ganin an juya maganar. Amfanin iyaka ba ya tsaya ga sauke mutane. In kamfani ya san cewa digiri 27 ko 30 zai hana shi loda fasinja, zai kunna APU minti 30 kafin lokaci, zai matsa wa filin jirgi ya gyara mesa, zai sa a rufe labulen tagogi tun saukar jirgi, ba zai kuma aika jirgi mai mataccen APU gari mai zafi da azahar ba. Yanzu duk wani lissafi yana tura shi ɗaya ɓangaren: man da ya tsimi riba ce da ake gani a takarda, gumin fasinja kuwa ba ya shiga littafin akanta. Batun cewa masu rinjaye za su daure, ai ba don su ake kafa irin wannan doka ba. Matashi mai ƙarfi zai jure abin da jariri da mai juna biyu da mai ciwon sikila ba za su jure ba, kuma ba a kaɗa ƙuri'a kan numfashin wani. Matsalar rasa layi ma tana da magani: hasumiyar kula da tashi da saukar jirage ta riƙe wa jirgin da ya koma saboda zafi gurbinsa. Indiya ta taɓa wani ɓangare na wannan a 2024, lokacin da hukumar tsaron jiragenta ta sassauta ƙa'ida don a iya sauke fasinjojin da suka daɗe a ciki ta ƙofar tashi, ba sai an zagaya da su tun daga farko ba. Duk da haka a ƙarshen Mayun shekarar an samu waɗanda suka suma a jirgin Air India da zai tashi daga Delhi zuwa San Francisco, abin da ke nuna cewa buɗe hanya daban, tilasta bin ta daban.

Mu da muke tashi daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi mai kusan digiri 44 ɗin da ya zama labari a Las Vegas abin kowace shekara ne a wajenmu daga Maris zuwa Mayu. Yawancin jiragenmu a fili suke tsayawa, a taka ko a shiga bas a je a hau matakala, babu gada balle mesarta. Ke nan APU ne kaɗai madogara, a ƙasashen da tsadar man jirgi ta sa kamfanoni ƙirga kowace lita. Ga jigilar alhazai, wadda a 'yan shekarun nan take faɗowa a lokacin zafi a nan da can Saudiyya: manyan jirage cike maƙil, akasari dattawa, wasunsu ba su taɓa shiga jirgi ba, kuma tarbiyyarsu ba ta kai ƙara ba ce. Hajiya 'yar shekara 70 ba za ta danna ƙararrawa ta kira ma'aikaciya ba. Za ta yi ta fifita da takardar kujera tana salati har jiri ya ɗebe ta.

Ba sai an jira Amurka ta gama nazarinta ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da sashe na 19 na dokokinta, wanda ya shafi haƙƙin fasinja, a nan ake maganar abin sha da mayar da kuɗi in an yi jinkiri. Layi biyu za a ƙara: digirin da ba a loda fasinja in an wuce shi, da minti 30 a sauke mutane in iska ta tsaya, tare da wajabta wa shugaban ma'aikatan jirgi rubuta zafin da ya auna kafin rufe ƙofa. Hukumar alhazai ta NAHCON ma hanyarta ta fi sauƙi, tunda duk shekara sai ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin jigila. Tana iya rubuta cewa jirgin da APU ɗinsa ba ya aiki ba zai ɗebi maniyyaci ba, kuma kamfanin da ya saɓa a cire masa daga cikon kuɗinsa.