Yabo Kaɗai Ba Ya Gyara Manhaja

Akwai wani ɗan yayata a nan Katsina da ya gama karatun kimiyyar kwamfuta, yana jiran kiran yi wa ƙasa hidima. Maimakon zaman majalisa, sai ya kwashe wata huɗu yana haɗa wata 'yar manhajar waya ta rubuta bashi, saboda masu sayar da hatsi irin mahaifinsa, waɗanda har gobe littafi da biro ne ma'ajiyar lissafinsu. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. In an kawo wuta ya raba dare yana yi, in ba a kawo ba ya kai kwamfutar wurin mai caji. Ranar da ya ga ta tsaya da ƙafarta, ya ɗauki hotunanta ya tura zauren WhatsApp na abokan karatunsa, haɗe da adireshin saukewa. Kafin la'asar saƙonni sun cika masa waya: Masha Allah, Allah ya ƙara basira, muna alfahari da kai. Bayan isha'i ya zo gaishe ni, na ga fuskarsa ba walwala. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Kawu, kowa ya yaba, amma na duba, ba wanda ya sauke ta."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ta taɓo abin da na daɗe ina gani a tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja. Addu'a abu ce mai kyau, kuma wanda ya hana idonsa barci a kan aiki ya cancanci a ce masa sannu. Amma idan abokin sana'arka ya miƙo maka aikinsa ka tsaya a kan yabo, ka ba shi abin da maƙwabcinsa da bai taɓa buɗe kwamfuta ba ma zai iya ba shi. Abin da yake nema a wurinka, wanda kai kaɗai ke da shi, shi ne idon da zai gane inda aikin zai karye tun kafin ya karye a hannun mai amfani da shi.

Bayan kwana uku wata abokiyar karatunsa da ke Daura ta turo masa dogon saƙo. Ta sauke manhajar, ta zauna da baffanta mai cin kasuwar Mai'adua, suka gwada shigar da bashi kamar yadda yake rubuta shi a littafinsa. Mutum na farko da suka so sakawa ɗan Damagaram ne, lambar wayarsa ta Nijar, lamba 8 bayan +227. Manhajar ta ƙi karɓa, domin yaron ya gina ta a kan cewa kowace lambar waya 11 ce mai farawa da sifili. Suka saka wani mai bashi da sunansa ya fara da "Ɗan", da suka zo nemansa baffan ya rubuta "Dan" ba lanƙwasa, manhajar ta ce babu shi. Wurin awo kuwa kilo ta tanada, alhali kasuwa tiya da buhu ta sani, kuma wani lokaci da sefa ake ciniki. Na ƙarshe shi ne mafi girma: da sabis ya ɗauke, manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya.

A tsaya a dubi waɗannan abubuwa huɗu. Ba duka ake samun su ba a darasin bidiyo na YouTube da wani malami ya ɗauka a Indiya ko Amurka, domin shi ba ya da abokin ciniki daga tsallaken Kongolam, iyakarmu da Nijar. Batun haruffa ma kaɗai ya isa darasi. A wurin kwamfuta ɗ da d haruffa ne biyu mabambanta, kowanne da lambarsa a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambar da kwamfuta ke gane shi da ita, haka ma ƙ da k, da ɓ da b. Dabarar da aka saba amfani da ita wajen cire alamar da ke kan haruffan Faransanci irin é ba ta aiki a kansu, domin lanƙwasar jikin harafin ce. Dole mai manhaja ya zauna da hannunsa ya koya mata cewa wajen bincike ta ɗauke su ɗaya, wajen ajiya kuma ta bar kowanne yadda aka rubuta shi. Batun sabis kuwa, ba Bakatsinen da ke buƙatar a yi masa bayani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Duk manhajar da za ta zauna a aljihun ɗan kasuwar Jibiya ko Ɗandume, dole ta iya ajiye lissafi a cikin wayar, ta jira dawowar sabis kafin ta aika. Yaron ya san duk wannan a rayuwarsa, amma bai gan shi a cikin aikinsa ba sai da wani ido ya duba. Haka aikin hannu yake, wanda ya daɗe yana kallon abu idonsa kan saba da aibinsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ba baƙin wannan al'ada ba ne. A tsangaya gardi kan rubuta allonsa, ya kai shi darasu, alaramma ya bi shi harafi bayan harafi, wasali bayan wasali, inda ya kuskure a gyara a gaban 'yan uwansa. Ba wanda ke ɗaukar haka cin fuska, kuma ba alaramman da zai ga kuskure a allo ya ce madalla ya miƙa. Yaron tela ma sai maigidansa ya juya rigar ya dubi cikin ɗinki kafin a ba mai ita. Masu rubuta manhaja na duniya suna da irin wannan, suna bitar rubutun juna kafin a haɗa shi da babban aiki. Me ya sa da muka zo kan kwamfuta sai muka ajiye abin da kakanninmu suka riƙe a kan allo?

Na san amsar farko da matasa ke bayarwa: tsoron a sace musu fasaha. Ba zan ce tsoron banza ne ba. An sha jin labarin yaro ya nuna wa wani babba aikinsa, daga baya ya ga irinsa an kai ofis ana neman kwangila da shi. Amma ɓoyo ba ya maganin wannan, ƙara shi ma yake yi, domin aikin da ba wanda ya san naka ne shi ya fi sauƙin ɗauka. Git, kayan aikin adana tarihin rubutun manhaja wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana rubuta kowane sauyi da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. In ka ajiye aikinka a fili a GitHub, shafin intanet da ake ɗora rubutun manhaja ta hanyar Git, ka tara shaidu. Akwai kuma lasisi irin MIT da GPL da ke fayyace abin da ka yarda a yi da rubutunka, in kuma ba ka sa lasisi ba, haƙƙin mallaka na nan a hannunka. Wanda bai shirya buɗe rubutun ba ma, ai yana iya ba mutane manhajar su gwada. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: tunanin yin manhajar rubuta bashi ya zo wa mutane da yawa kafin ɗan yayata. Abin da zai bambanta tasa shi ne sanin tiya da sefa da lambar Nijar, kuma bai same su ba sai da ya fito da ita.

Shi kansa Torvalds haka ya fara. A watan Agusta na 1991, yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da masu amfani da wani tsarin sarrafa kwamfuta mai suna Minix cewa yana haɗa nasa tsarin don sha'awa kawai, ba ya zaton zai zama wani babban abu, ya kuma nemi su faɗa masa abin da suke so da abin da ba sa so. Wannan aikin shi ne Linux, wanda a kansa aka ɗora Android da ke cikin wayar yawancinmu. A nan Afirka ma, manhajar Ushahidi ta fito ne a farkon 2008, lokacin rikicin bayan zaɓen Kenya, da Ory Okolloh ta kawo shawarar taswirar tattara rahotannin tashin hankali, wasu masu rubuta manhaja suka amsa suka haɗa ta cikin 'yan kwanaki. Sunan ma da Suwahili yana nufin shaida, kalmar da mu da su muka aro daga Larabci. A 2010 an yi amfani da ita bayan girgizar ƙasar Haiti.

Cikas na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne kunya da gudun ɓacin rai. An tarbiyyantar da mu a kan kada ƙarami ya gyara wa babba a bainar jama'a, kuma kada ka karya wa ɗan uwa gwiwa. Tarbiyya ce mai daraja, ba na so a zubar da ita. Sai dai Bahaushe da ya koya mana ita shi ne kuma ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matsalar ita ce kaɗan daga cikinmu da ke yin magana sukan yi ta da gatsali. Yaro ya kawo aikin wata uku, sai a ce masa wa ke amfani da yaren manhaja na PHP a wannan zamanin, ko a ce ai wannan aikin 'yan aji ɗaya ne. Wannan nuna isa ne, ba ya gyara komai, kuma shi ke sa gobe wani ya ƙi fito da nasa, musamman 'yan mata, waɗanda dama sai sun yi ta maza kafin su yi magana a irin waɗannan zauruka. Torvalds da kansa ya shahara da zafin harshe wajen bitar aikin mutane, har a 2018 ya fito ya nemi afuwa, ya ɗan janye daga jagorancin aikin don ya gyara halinsa. In shi bai tsira da wannan hali ba, ban ga dalilin da wani a Ƙofar Ƙaura zai ɗauke shi abin ado ba.

Saƙon yarinyar nan ta Daura shi ne misalin da nake so a koya. Ta faɗi irin wayar da ta yi amfani da ita, ta faɗi abin da ta danna, da abin da ta zata zai faru, da abin da ya faru. Ba ta ce masa ya sake aikin daga tushe da wani yaren manhaja da ta fi so ba. Abu ɗaya kuma ba ta rubuta a zaure ba, kiran sa ta yi a waya: a ɗaya daga cikin hotunan da ya tura, sunayen masu bashin mahaifinsa na gaskiya da lambobinsu suna nan ɓaro-ɓaro. Bashi sirri ne a wurinmu, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023. Irin wannan, da mantuwar da ake yi a bar makullin sirri na sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhaja a intanet, a cikin rubutun da aka ɗora a GitHub, a kunne ake faɗa wa mutum, a ba shi damar rufewa tukuna.

Mai neman gyara shi ma da nasa nauyin. Data ta yi tsada, tun ma bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kuma kowa da hidimar gabansa. In ka ce wa mutane "ku duba ku ba ni shawara", ka ba su hanyar tsira da addu'a. Ka ce a gwada maka shigar da mutum biyar a ƙaramar waya a gaya maka inda aka tsaya. In an gaya maka kuma ka riƙe bakinka daga kare kai, ka rubuta, ka gyara, ka dawo ka ce na gyara, na gode. Wanda ya ga an yi aiki da maganarsa zai sake dubawa.

Muna da inda za a fara. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Al-Qalam, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ta Tarayya da ke Daura, duk suna yaye ɗaliban da suka taɓa haɗa wani abu a aikinsu na ƙarshe. Ga kuma waɗanda suka bi shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Horo yana ba mutum kayan aiki, amma hannu sai a wurin aiki yake faɗawa. Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi: aji ɗaya ranar Asabar, sau ɗaya a wata, kowa ya zo da abin da yake haɗawa ko da bai kammala ba. A ba shi minti goma, ya miƙa wayarsa ga na kusa da shi, ya yi shiru yana kallo. A riƙa gayyato wanda aka yi abin dominsa, mai POS ne, ko uwar adashi, ko malamin Islamiyya mai rubuta maki, domin su ne za su danna inda mai manhaja bai taɓa tunanin za a danna ba.

Ɗan yayata ya gyara lambar waya da haruffa cikin mako guda, ya ƙara tiya da buhu. Sa manhajar ta yi aiki ba tare da sabis ba shi ya fi ba shi wuya, har yanzu yana kansa, kuma mahaifinsa bai ajiye littafinsa ba, ya ce sai ya ga ta kai kaka ba ta ɓatar masa da ko kwabo ba. Makon jiya abokiyar karatun tasa ta turo masa tata, manhajar lissafin adashi da take haɗa wa matan unguwarsu. Na same shi a zaure da wayar mahaifiyarsa a hannu, yana gwada abin da zai faru in mace ɗaya ta shiga da hannu biyu sannan ta tsallake zubi, yana rubuta abin da ya gani a takarda.