A ba talaka mita kafin a ba shi ƙwan lantarki

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, taimakon talaka a Gombe bai cika wuce buhun shinkafa da 'yan kuɗin hannu ba. Shinkafa mako biyu ta ƙare, bil ɗin wuta da kuɗin gawayi kuwa ba sa fashi. A ganina ya kamata a karkata wani kaso na wannan taimakon zuwa rage abin da gida ke ci na wuta da itace, amma sai an san da me za a fara.

Ɗauki gida mai ƙwan lantarki biyar a unguwar Bolari ko Jekadafari, kowanne wat 60, ana kunna su awa shida kullum. Yunit 54 ke nan a wata, fitila kawai. A sauya su da ƙwan LED mai tsimin wuta, mai wat 9, wanda haskensa kusan ɗaya ne, sai lissafin ya dawo yunit 8. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta ware farashi mafi sauƙi ga gidan da bai wuce yunit 50 a wata ba, kun ga tsofaffin ƙwan nan kaɗai sun isa su hana mutum shiga wannan rukuni.

To amma duk wannan sai da mita. Wanda ake yi wa bil na ƙiyasi, ko ya kwana cikin duhu takardar ba za ta san ya yi tattali ba, don me zai wahalar da kansa? Haka abin yake a gidan haya inda ɗaki goma ke kan mita ɗaya ana raba kuɗi daidai wa daida: bazawara mai ƙwai ɗaya da fanka ita ke biya wa mai hita da dutsen guga. Saboda haka kuɗin farko su tafi wajen biya wa irin waɗannan gidaje mita ta hannun JED, kamfanin da ke raba wuta a Gombe da Bauchi, a kuma sa wa kowane ɗan haya ƙaramar mita tasa.

Rabon ƙwan ma yana da inda yake lalacewa. LED mai araha ba ya jure hawa da saukar ƙarfin wuta, 'yan kayan da ke gindinsa ne ke ƙonewa, sai magidanci ya koma wa tsohonsa yana cewa an cuce shi. Mariƙin ƙwai da ya saki shi ma yana tartsatsi ya kashe sabo. Dole mai gyaran wuta ya shiga gidan, ya duba mariƙi da wayoyi, ya ɗaura da hannunsa, ya tafi da tsofaffin. Ɗan kwangila kuma ya ɗauki nauyin sauya duk wanda ya mutu cikin shekara guda.

Sai rufi, wanda ba a cika kula shi ba. A Maris da Afrilu ɗakin kwano marar silin tanda ne, fanka mai wat 70 tana juyi awa goma, yunit 21 a wata, iska mai zafi kawai take kaɗawa. Silin, da 'yar kafar fitar zafi a ƙarƙashin kwano, da farin fenti a samansa suna sauke zafin sosai. Sai dai a riƙa wanke fentin bayan hunturu, ƙura na dushe shi.

Murhu mai tsimin itace kuwa, kada a sayo shi sai matan da za su yi girki sun gwada. In bai riƙe babbar tukunya lokacin tuƙin tuwo ba, bayan ɗaki za a jefa shi a koma kan duwatsu uku.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Ya kamata gwamnatin jiha ta fara da unguwa ɗaya, masu unguwanni su fitar da sunayen mabuƙata, a rubuta yunit ɗin da kowane gida ke sha wata uku kafin gyara da wata uku bayansa, sannan a wuce unguwa ta gaba.