Gonar gangare ba ƙarin buhun taki take fara nema ba

Duk damina sai ka ji ana cewa in masara ko dawa ta ƙi yi a gonar gangare, taki ne bai isa ba, a ƙaro buhu. Maganar tana da tushe, domin wanda ya ga ganye ya yi rawaya dole hankalinsa ya tafi kan yuriya. Sai dai a gangare, takin ba ya zama inda aka sa shi.

Ruwan sama mai ƙarfi yana kwashe ƙasar sama, wadda ita ke riƙe da ruɓaɓɓen ganye da yawancin abincin shuka. Takin da aka watsa a fili kuwa bin ruwan yake yi. Duba gona ɗaya bayan ruwan Agusta: can sama kara siriri ne, ƙasa ta koma tsakuwa, a gindin gangaren kuwa masara ta yi shar a kan lakar da ruwa ya tara. Alhali iri ɗaya aka shuka, taki ɗaya aka zuba.

Saboda haka aikin farko shi ne tare ruwan: kunya a gicciye, jerin duwatsu, ko tassa, wato ƙananan ramukan da ake haƙawa su tara ruwa a yi shuka a ciki, irin na manoman Tahoua a Nijar. Sannan a tona gefen shuka a binne NPK, yuriya kuma a raba ta sau biyu. Ita yuriyar ma naitirojin kaɗai take bayarwa, kashi 46 cikin 100, babu fosfarus ɗin da saiwa ke buƙata. Takin gargajiya kuma, in bai ishi gonar duka ba, a fara da ɓangaren sama.