Ka kashe kiɗan tukuna, ka karanta kalmomin

Salama gare ku 'yan'uwa matasa, musamman 'yan kwaya da masu jagorar yabo, da ku nake yau, kuma ni ma ina cikin layin, kar wani yace na hau mumbari ne ina nuna shi da yatsa.

Kwanaki muka je gaida wata Mama a asibiti, tsohuwa ce sosai, ciwon mantuwa ya kama ta har 'ya'yan cikinta sai sun faɗa mata sunansu. Mu biyar muka je. Bayan addu'a sai 'yarta tace dan Allah mu ɗan yi mata waƙa tunda mu 'yan kwaya ne. To nan fa ake yinta. Ba kibod, ba jita, ba ganga, ba allon da ke nuna mana kalmomi. Muka ɗauko wadda muke ji da ita, wadda ran Lahadi in aka tashe ta har kujeru sai sun motsa, muka yi layi biyu, muka maimaita, muka sake maimaitawa, sai muka fara kallon juna dan babu sauran abin faɗa, ashe dama kiɗan ne ke riƙe da waƙar. Muna cikin wannan kame-kamen sai Mama ta buɗe baki da 'yar muryar nan tata mai rawa, ta ɗauko wata tsohuwa daga Littafin Waƙoƙi, ta yi baiti na ɗaya, ta yi na biyu, har na huɗu, ko kalma ɗaya bata ɓace mata ba, yatsanta yana buga ƙarfen gado a hankali. Matar da bata san ko wace rana ake ciki ba fa. Mu masu rihazal sau biyu a sati sai "hmm hmm" muke binta da shi. Har muka fito babu wanda ya iya cewa uffan a cikinmu.

Tun ranar nake tambayar kaina, in ni ne a gadon nan, ba waya ba data ba iyafis, me zai fito daga bakina? Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ka zuba a kunne yau, shi zaka samu ranar da ka laluba.

Mun ɗauki waƙa kamar abin ɗumama jiki kafin wa'azi, alhali ita kanta koyarwa ce, kuma ta fi wa'azi saurin shiga. Wa'azin satin da ya wuce, tsakani da Allah, mutum nawa ne zai iya kawo maki biyu daga ciki? Amma waƙar da aka rufe sujada da ita har a wanka kana rerawa. Masu koyarwar ƙarya sun daɗe da gane wannan. A ƙarni na 4 an yi wani malamin ikilisiya a Iskandariya ta Masar mai suna Arius, yana koyar da cewa wai Ɗan halitta ne, wai an yi lokacin da babu shi, kuma bai tsaya a kan mumbari ba, sai ya zuba koyarwar cikin waƙoƙi masu daɗin rerawa, ma'aikatan jirgin ruwa da matafiya suka ɗauka suna yawo da ita gari gari, abu ya yi ta girma har sai da aka tara shugabannin ikilisiya a Nikiya a shekara ta 325 suka ce masa a'a. Shi ya sa in ka duba Kolosiyawa 3:16 zaka ga Bulus ya haɗa zabura da waƙoƙi da koya wa juna da yi wa juna gargaɗi duk a numfashi ɗaya, kuma farkon ayar maganar Almasihu ce ta zauna cikinmu a yalwace.

To ga ɗan gwajin da nake yi yanzu kafin waƙa ta zauna a wayata. In kwafo kalmomin in karanta su da baki kamar wasiƙa, ba kiɗa. Wata in ka yi mata haka sai ka ga ko sunan Yesu babu, in ka tura wa budurwarka ba zata gane ba ita ake nufi ba. Wata kuma daga farko har ƙarshe ni, ni, ni, zan samu, zan haye, maƙiyana zasu gani, gicciye ko a mafarki. Ba nace kowace waƙa sai ta zama darasin tauhidi ba, Zabura 117 aya biyu ce tak, Zabura 136 kuma layi ɗaya take maimaitawa sau 26, amma duba abin da ke tsakanin maimaicin, halitta, fitowa daga Masar, raba teku, kowane layi da dalilinsa.

Zabura ɗin ma ita zan fara ba ku shawara a kai, dan ita ce littafin waƙoƙin da Yesu da kansa ya tashi da shi, Matiyu 26:30 yace sai da suka yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, daren da za a bashe shi kenan. Guda 150 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara gaban Allah. Zabura 88 ma har ta ƙare babu inda haske ya keto, da duhu ta rufe. Mu kuwa jerin waƙoƙinmu duk na rawa ne, shi ya sa in aka yi rasuwa ko wani ya faɗi jarabawa karo na uku sai mu rasa abin rerawa, yaro ya ɗauka in ransa ya ɓaci to bangaskiyarsa ce ta samu matsala.

Da tsohuwar zuma ake magani. Ku nemi It Is Well With My Soul, amma ku san labarinta kafin ku rera. Horatio Spafford lauya ne a Shikago ta Amurka, gobarar 1871 ta cinye masa dukiya mai yawa, sannan a watan Nuwamba 1873 ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwa zuwa Turai da niyyar zai biyo baya, jirgin ya yi karo da wani a tekun Atilantika ya nutse, yaran huɗu duk suka tafi, matar ta aiko masa da saƙon telegiram cewa ita kaɗai ta tsira. Bayan wannan ne ya rubuta waƙar. Abin da ke ɗaure min kai shi ne akwai baiti guda a ciki wanda ba maganar teku ko yara, maganar zunubinsa ne da aka kafe a gicciye gaba ɗaya. Mutumin da ya rasa huɗu a dare ɗaya, abin da ya riƙe kenan.

Amazing Grace kuma kowa ya santa, har waɗanda basa zuwa coci. John Newton kyaftin ne na jirgin cinikin bayi, 'yan Afirka yake lodawa. Guguwa ta kusa halaka shi a 1748 ya yi kuka ga Allah, amma kar a yi mana kwaskwarima, bai bar wannan mugun ciniki ba sai wajen 1754, kuma sai 1788 ya fito fili ya rubuta yana tona asirin abin da ake yi a jiragen yana cewa yana jin kunyar hannunsa a ciki. Waƙar ta fito a 1779. In yace a cikin waƙar shi abin ƙyama ne alheri ya cece shi, ba salon magana yake yi ba. Sai Fanny Crosby, makauniya tun tana jaririya, ta rubuta waƙoƙi sama da 8,000, Blessed Assurance tata ce. Charles Wesley sama da 6,000. Da yawa cikin irin waɗannan an juya su zuwa Hausa tun zamanin kakanninmu, suna nan cikin littafin da muke bari ƙura na ci a bayan benci.

Kar kuma wani dattijo ya karanta wannan yace yauwa, dama na faɗa a kwashe jita daga coci. A'a Baba. Zabura 150 da kanta ta kira ƙaho da garaya da kuge masu ƙara, kuma zamanin Dawuda mawaƙa 288 aka horar dan aikin Haikali, yana nan a 1 Tarihi 25. Sababbi masu nauyi suna nan. In Christ Alone ta Keith Getty da Stuart Townend a 2001 ta fito, baiti huɗu, ta ɗauko daga haihuwa zuwa gicciye zuwa tashi zuwa dawowa, in ka haddace ta ka haddace bishara. Way Maker ta Sinach ta fito a 2015, ta zaga duniya an juya ta harsuna da dama, kuma in ka lura halin Allah take lissafawa. Abin da nake roƙo kawai, waƙar da baka san ma'anarta ba, ko da wane harshe ce, ka tambaya kafin ka ɗaga hannu ka rufe ido, dan Bulus yace zai yi waƙa da ruhu ya kuma yi da hankali, 1 Korintiyawa 14:15. Ku kuma masu riƙe makirufo, ku karanta Amos 5:23 da ayar da ke binta, inda Allah yace a kwashe masa hayaniyar waƙoƙi daga gabansa dan babu adalci a cikin masu rerawar. Murya mai daɗi bata wanke abin da aka yi daren Asabar.

Littattafai kuma, nan ne muka fi rauni, mu faɗi gaskiya. Bulus yana kurkuku, ya san ƙarshensa ya matso, amma a 2 Timoti 4:13 yana ce wa Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafai, musamman ma fatun nan. Mutumin da ya rubuta wasiƙun da muke karantawa kenan. Mu kuwa sitatus ɗin aya ɗaya mai hoton fure ya ishe mu sati.

Kar ka sayi littafin kowa in baka taɓa karanta Bishara ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Markus sura 16 ce, zama biyu ka gama. Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya sura 1,189 ne, huɗu a rana wata goma ka sauke, kuma tun 1932 yake cikakke da Hausa, yanzu har a waya kyauta, to uzurin me ya rage? In wuri ya yi maka tauri akwai Africa Bible Commentary da ya fito a 2006, malamai 'yan Afirka 70 suka rubuta, Tokunboh Adeyemo ne babban edita.

Bayan wannan, in ɗaya kawai zaka iya, ni The Pilgrim's Progress zan miƙa maka. John Bunyan mai gyaran tukwanen ƙarfe ne, ba wani dogon karatu, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila dan ya ƙi daina wa'azi ba lasisi, littafin ya fito a 1678. Labari ne, mutum da kaya a baya ya gudu daga birnin hallaka, ya faɗa taɓon fid da zuciya, ya bi ta kasuwar banza, aka kulle shi a gidan wani ƙaton da ake kira Fid da Rai, sai can ya tuna ashe mabuɗin yana ƙirjinsa tun farko, sunan mabuɗin Alkawari. Na karanta wurin nan a lokacin da ni ma nake cikin wani hali, sai da na ajiye littafin na fita waje na ɗan zaga.

Mai fama da sha'awa da tsohon hali ya nemi Confessions na Agustin, ɗan Afirka ne, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu aka haife shi, ya yi rayuwar da ta sa mahaifiyarsa Monika kuka shekara da shekaru, har yana addu'a Allah ya tsarkake shi amma ba yanzu ba, wannan addu'ar kam da yawanmu mun santa ko bamu faɗa da baki ba. Romawa 13:13-14 ce ta kama shi a wani lambu a Milan a 386. Mai tambayoyi irin na 'yan jami'a, wai akwai Allah kuwa, ya ɗauki Mere Christianity na C. S. Lewis, asalinsa jawabai ne da ya yi a rediyon BBC lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ya sa yake da sauƙin bi, aka haɗa shi littafi a 1952. The Cost of Discipleship na Dietrich Bonhoeffer, wani fasto ɗan Jamus, 1937, yana da tauri kam, kar ka fara da shi, amma shi ne ya yi faɗa da abin da ya kira alheri mai araha, wato gafara ba tuba, kuma gwamnatin Hitler ta rataye shi a watan Afrilu 1945. Sai Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Najeriya, Theological Pitfalls in Africa, 1975, shekarar da ya rasu yana da 39 kacal, yana jan kunne kan gauraya bishara da duk abin da aka ga dama da sunan namu ne.

Kun lura kusan duk mutanen nan sun biya wani abu kafin su rubuta? Shi ya sa nake ɗari-ɗari da littattafan matakai bakwai na zama miloniya, sirri goma na buɗe ƙofar arziki, wanda hoton marubucin ya fi sunan Yesu girma a bango. Ban hana ka karantawa ba, amma ka yi irin na mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, Bulus ne fa ke musu wa'azi amma kullum sai sun koma Nassi sun duba ko haka ne. Duk ayar da marubuci ya kawo, buɗe ka karanta ta sama da ta ƙasa da ita, sau da yawa a nan ramin ƙarya ke ƙurewa.

Waƙar Mama dai na je na nemo lambarta a littafi, na rubuta ta a takarda na manna a bangon ɗaki. Baiti uku sun zauna, na huɗun ne ke ta zille min. Ran Asabar zamu koma mu biyar ɗin, 'yarta tace an sallame ta tana gida, kuma mun yi alkawari babu wanda zai fito da waya.