Gwauro a Gasar Girki

Wata uku ke nan da matar Gwauro ta yi yaji. A cikin wata ukun nan abu biyu ya koya a kicin: dafa ƙwai, da kankare tukunyar da ya ƙona wajen dafa ƙwan. Amininsa Tuzuru kuwa bai taɓa kunna murhu ba tunda aka haife shi, amma babu gasar girkin da bai kalla a waya ba. Ranar nan sai ga shi ya shigo yana washe baki.

TUZURU: Albishirinka. Na rubuta sunanka.

GWAURO: In bashi ne, ba na ciki.

TUZURU: Gasar girki ce. Ta 'yan koyo zalla, ba a ɗaukar kuku.

GWAURO: Ni? Ni da ruwan zafi ma ƙonewa yake yi a hannuna?

TUZURU: Ai irinku ake nema. MasterChef ɗin nan da kake ji, tun 1990 BBC ta fara shi a Ingila, kuma don masu girkin gida aka yi shi: direba, akawu, malamin makaranta. A na Amurka, wanda ya yi na ɗaya dala 250,000 ake danƙa masa.

GWAURO: Dawo ta nan ka maimaita, wancan kunnen ba ya ji sosai.

TUZURU: Tun 1949 ma kamfanin fulawa na Pillsbury ya shirya tasa a New York, wata matar aure ta tafi da dala 50,000. Da me? Da burodin da ko murza kwaɓinsa ba a yi.

GWAURO: Ko murzawa ba ta yi ba? To ai wannan sana'ata ce. Tamu nawa za a bayar?

TUZURU: Ba su faɗa ba, sun dai ce kyauta mai daraja. Ka san gasa kala-kala ce. Akwai ta masu gashin kek a Ingila tun 2010, a sha wahala makonni, wanda ya ci a ba shi farantin ɗora kek da furanni.

GWAURO: Faranti? Allah Ya raba mu da irin wannan.

TUZURU: Kai dai cire tsoro. A 2012 Christine Ha ta cinye MasterChef na Amurka, alhali makauniya ce.

GWAURO: Shi ke nan, ni da nake da ido biyu.

TUZURU: Ita harshe gare ta. Kai kuwa jiya na ga ka sha shayi da gishiri sai da ka kai rabin kofi ka gane. Saurara in ba ka sirri. In abinci ya lalace, kada ka ce ya lalace, ka ce da gangan ka yi. Kuma komai muninsa kada ka zubar. A 2014 wani a gasar kek ɗin nan, askirim ɗinsa ya narke, ya fusata ya antaya shi a kwandon shara. Da aka ce kowa ya kawo nasa, sai ya sunkuci kwandon ya kai gaban alƙalai.

GWAURO: Suka ɗanɗana?

TUZURU: Suka kore shi.

Ranar gasa, zaure ya cika da fitilu da kyamarori, ana nunawa kai tsaye a Facebook. Mutum uku a zagayen: Gwauro, da wata Amarya da ke riƙe da waya kamar ranta a ciki yake, da Iya, tsohuwar da ta rungumo tukunyarta daga gida. Alƙali ya tsaya da doguwar farar hula, Sanƙira na riƙe da makirufo.

SANƘIRA: Jama'a, kowa ya buɗe akwatinsa! Kaza, shinkafa, dankali, albasa, ƙwai, lemon tsami. Minti 60. Abin da ke kan faranti in an buga ƙararrawa, shi kaɗai alƙali zai duba. Amarya, kawo wayar nan.

AMARYA: Wayata? To da me zan yi girkin?

SANƘIRA: Da hannu.

AMARYA: Innalillahi. Ai a bidiyon yake.

SANƘIRA: An fara!

IYA: Ɗan nan, zo. Ina wutar?

SANƘIRA: Ga murhun a gabanki, Iya.

IYA: Wannan madubin? Na ɗora tukunya tun ɗazu, na hura, na fifita, ko ɗumi babu.

ALƘALI: Iya, wannan murhun da maganaɗisu yake aiki. Ba ya fitar da harshen wuta, gindin tukunyar yake zafafawa kai tsaye. Tukunyar alminiyam irin taki ba ya kama ta, sai mai ƙarfe. Ɗauki tamu.

IYA: Shekara 40 tukunyar nan tana ciyar da mutum 12, yau madubi ya ce bai san ta ba. To Allah Ya kyauta.

Minti goma sun tafi a nan. Gwauro kuwa da abin da ya sani ya fara: ya jefa ƙwai ɗaya a ruwa don hankalinsa ya kwanta, sannan ya ja albasa. Wuƙar ba kaifi, sai dandatsa albasar yake yi, ita kuwa albasa in aka murƙushe ta haka ta fi sakin yajin nan mai shiga ido. Kan ka ce kwabo hawaye sun wanke masa fuska. Sanƙira na hango shi ya yafito mai kyamara da gudu, don a irin wannan shiri hawaye sun fi nama tsada.

SANƘIRA: Matso, matso, ɗauko idon! Malam Gwauro, me ka tuna?

GWAURO: Albasa ce.

SANƘIRA: Albasar ta tuna maka da wa?

GWAURO: Ba ta tuna mini da kowa ba, shiga idona ta yi.

TUZURU (daga cikin 'yan kallo): Matarka! Ce matarka!

GWAURO: To... matata. Ita take yanka mini albasa. Wata uku ke nan.

SANƘIRA: Allahu akbar. Allah Ya jiƙanta.

GWAURO: Kai, rufa mini asiri! Tana nan da ranta, yaji ta yi.

SANƘIRA: Ya fi ma daɗi. Ci gaba da kukan, 'yan kallo sun ninka.

Can gefe Amarya tana tsaye ido rufe, tana karanto bidiyon da ka.

AMARYA: "Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da sake saduwa..." a'a, gaba. "Sai ki zuba gishiri cokali biyu..." Ranka ya daɗe, cokali biyu ai cokali biyu ne ko?

ALƘALI: Wane cokalin?

AMARYA: Cokali kala nawa ne?

ALƘALI: Na shayi mililita 5 yake ci, babban na awo 15. Wanne kika sa?

AMARYA: Wannan.

ALƘALI: Wannan ludayi ne.

TUZURU: Jefa dankali! Dankali yana shanye gishiri!

ALƘALI: Wa ya shigo da wancan? Dankali ruwan miyar yake sha da gishirinsa, abin da ya rage a tukunya yana nan yadda yake. Maganin gishiri sai ƙari: a ƙara ruwa, a ƙara kayan da ba gishiri.

AMARYA: Ruwa nawa?

ALƘALI: A naki? Nemo rijiya.

Ya wuce wajen Iya. Nan kam ƙamshi ya fara tashi, irin wanda ke sa mai kyamara ya manta da aikinsa. Ta soya albasar a hankali har ta yi ja, ta juya kazar a ciki gefe-gefe, ta rage wuta, ta rufe, ta jawo kujera ta zauna.

ALƘALI: Iya, gishiri nawa kika sa?

IYA: Daidai.

ALƘALI: Ruwa fa?

IYA: Wanda zai ishe ta.

ALƘALI: Minti nawa za ta yi?

IYA: Sai ta nuna.

ALƘALI: Saura minti 25 fa.

IYA: Faɗa wa kazar, ni na ji. Ɗan nan, mai haƙuri shi ke dafa dutse.

ALƘALI: Ba a minti 60 ba, Iya.

Jin an ce saura 25 ya sa cikin Gwauro ya ɗuri ruwa, don kazarsa na nan kwance ko taɓa ta bai yi ba. Ya yi lissafi irin na gwauraye: in ƙaramar wuta na dafa abu a awa ɗaya, babba za ta dafa shi a minti goma. Ya tuttula mai a kasko, ya danna murhu har ƙarshen lamba, ya jefa cinyoyi biyu. Mai ya yi hayaƙi, hayaƙi ya yi baƙi, sai ji kake fuu!

GWAURO: Gobara! Ruwa! Ku ba ni ruwa!

IYA: Ajiye kofin nan, ɗan banza!

Tsohuwar da ta ce gwiwa na damunta, taku biyu ta yi ta kife kaskon da murfi, ta kashe murhun.

IYA: Wa ya ce maka ana zuba wa wutar mai ruwa? Ruwan nutsewa yake ƙarƙashin man ya zama tururi, ya watso maka wutar a fuska. Rufewa ake yi, ta rasa iska ta mutu.

GWAURO: Ai cewa aka yi in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

IYA: Gemu aka ce, ba kasko ba.

SANƘIRA: Saura minti ɗaya! Kowa ya zuba a faranti!

Amarya ta kwarara tata. Gwauro ya ɓamɓaro cinyoyin nan biyu baƙi ƙirin, ya ga farantin ya yi fili da yawa, sai ya tuna da ƙwansa da ke tafasa tun farkon gasa. Ya ɓare, ya raba biyu, ya ajiye a gefe don ado. Iya ta ɗaga murfi, ta caka cokali, ta mayar da murfin.

SANƘIRA: Iya, zuba! Daƙiƙa goma!

IYA: Da saura kaɗan.

SANƘIRA: Biyar!

IYA: Ko sarki ne ba na ba shi abincin da bai nuna ba.

Ƙararrawa ta kaɗa. Alƙali ya fara da Amarya. Cokali ɗaya ya kai baki, ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, mai kyamara ya sake rugowa.

AMARYA: Maigidana kullum cewa yake girkina ba na biyunsa.

ALƘALI: Yaushe aka yi bikin?

AMARYA: Sati uku.

ALƘALI: Ki sake tambayarsa bayan shekara. A ba ni ruwa. Malam Gwauro, mene ne sunan wannan?

GWAURO: Ranka ya daɗe, sunansa... Kaza Cikin Duhun Dare. Da gangan na yi.

ALƘALI: Da gangan.

GWAURO: Wallahi har gobarar.

Alƙali ya zaro ma'aunin zafi mai tsini ya soka a cinyar, ya kanga wa kyamara.

ALƘALI: Kaza ba ta ciwuwa lafiya sai tsakiyarta ta kai digiri 74. Taka 38 take.

GWAURO: To ai na wuce rabi.

ALƘALI: Malam, kaza mai rai ma ta fi wannan ɗumi. Wuta mai yawa bayan nama take ƙonawa kafin zafi ya ratsa ciki. Waje gawayi, ciki kuwa in aka kai ta wurin likitan dabbobi yanzu, akwai sa rai. Iya, ina naki?

IYA: Yanzu ta nuna. Kawo kwano.

ALƘALI: Farantinki babu komai, Iya. Doka ta fitar da ke.

IYA: Dokar ta ci abinci?

Aka shiga shawara. Na Amarya ba ya haɗiyuwa, kazar Gwauro asibiti take kaiwa, farantin Iya wayam. Sanƙira ya ce ba a rufe shiri ba gwani, masu tallafi suna kallo. Alƙali ya zura ido a kan teburin nan tun daga wannan ƙarshe har wancan, sai ya tsaya a kan rabin ƙwai. Ya ɗauka ya jujjuya shi.

ALƘALI: Gwaiduwar ta yi kore a gefe, alamar ya daɗe a wuta fiye da kima. Ya yi tauri kamar roba. Amma yana ciwuwa. Da babu gara ba daɗi. Gwauro ne na ɗaya.

TUZURU: Ɗalibina ne! Ni na koya masa! Rabi nawa!

GWAURO: Alhamdulillahi! Ina dalolin?

SANƘIRA: Ga kyautarka mai daraja: faranti, da sunan gasa a jiki.

GWAURO: Tuzuru.

TUZURU: Na'am.

GWAURO: Zo ka karɓi rabinka, a ka zan ba ka.

Ana kashe kyamara, Alƙali ya cire doguwar hula, ya ɗauko kwano ya nufi tukunyar Iya. Sanƙira na biye da shi, mai kyamara na biye da Sanƙira, Amarya a baya da biro tana tambayar "daidai" cokali nawa ne.

IYA: A'a, ɗan nan. Ai doka ta fitar da ni.

ALƘALI: Iya, wancan alƙali ne ya faɗa. Ni yanzu jikanki ne.

Ana cikin haka wayar Gwauro ta yi ƙara. Ya duba, hannunsa ya hau rawa.

GWAURO: Ita ce! Tuzuru, ita ce! Salamu alaikum, uwargida ran gida.

UWARGIDA: Na gan ka a Facebook kana ta kuka.

GWAURO: Wallahi kewarki ce. Albasar ma ƙarya nake mata.

UWARGIDA: Har jakata na haɗa, na ce bawan Allah zai mutu da yunwa, gobe in dawo.

GWAURO: Allah Ya yi miki albarka! Da safe ko da yamma?

UWARGIDA: Sai kuma na ga an ce kai ne na ɗaya a girki. Tunda abin ya kai haka, bari in ƙara wata biyu. In na dawo kuma kicin naka ne.

GWAURO: Tsaya! Ƙwai ne fa! Rabin ƙwai! Ranka ya daɗe, zo ka faɗa mata digiri nawa kazar take!

ALƘALI (baki cike): Ina cin abinci.