Hatimin da Na Zana wa Shagon Kawu

Malaminmu na nazarin tsarin kwamfuta a foliteknik ya ce kowa ya nemi wata sana'a ta gaske, ya zana yadda bayanai ke kai-kawo a cikinta, abin da muke kira DFD. Ga shagon kayan masarufin Kawu a kasuwar Singa, ga ni a gidansa nake zaune. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe.

Mataki na 0 bai ba ni wuya ba: da'ira ɗaya tal a tsakiya, ita ce shagon, sai akwatuna kewaye da ita, mai saye, dila, banki, da kibiyoyi masu shiga da fita. Salon zanen masana Yourdon da DeMarco na bi, na ƙarshen shekarun 1970, ba don ilimi ba. Salon masana Gane da Sarson akwati ne mai lanƙwasassun kusurwoyi, na su Yourdon kuwa gindin kofin shayi ya isa ka fitar da da'ira.

Zanen lojikal, mai nuna abin da ake yi kawai, ya fito fes: karɓar oda, lissafi, rubuta bashi. Na fizikal shi ne mai tonon silili, don sai ka faɗi wa ke yi, da me, a ina. Ma'ajiyar bayanan shagon kashi uku ce: bayan kwalin taliya, littafin bashi da ɓera ya cinye daga harafin A zuwa H, da kan Kawu. Malam ya gargaɗe mu game da “baƙin rami”, inda bayani ke shiga ba ya fita. Na same shi, aljihun babbar rigar Kawu ne, rasit ya shiga sai dai wata ba shi ba. Akwai kuma “mu'ujiza”, bayani ya fito ba tare da komai ya shiga ba. Wannan yaron shago ne, mai yanka farashi bayan ya dubi takalmin mai saye.

Na rubuta sunan kowa da jan biro, na tura takardar ƙarƙashin tabarma don kada yara su yi jirgi da ita.

Da na dawo da la'asar, gida ya cika. Hajiya, uwargidan Kawu, tana salati, malamin zaure yana riƙe da takardar a kife.

“Na ga hatimai iri-iri, ban taɓa ganin wannan ba,” in ji shi. “Amma kibiya uku sun nufi Alhaji, kuma ga sunan amarya a cikin akwati.”

Amarya na kuka tana rantsuwa. An har aika a sayo habbatus sauda. Na ce don Allah a tsaya, aikin makaranta ne, na tsuguna ina bayani. Hajiya ta share hawaye, ta matso.

“To ɗan nan, wannan kibiyar da ta fita daga Alhaji ta shiga akwatin amarya, me ka rubuta a kai?”

Kawu ya yi gyaran murya. Na ce rubutun bai fita sosai ba. Autar Hajiya, 'yar aji huɗu, ta leƙo ta karanta da ƙarfi: “Madara da sukari, duk Juma'a, ba a rubutawa.”

Malamin zaure ya tuna bai yi la'asar ba, ya saɓa buzunsa. Hajiya kuwa ta ce tun da na ce kowace da'ira ana iya buɗe ta zuwa mataki na gaba, a buɗe mata wannan yanzu. Amarya ma ta daina kuka, ta nuna wata 'yar siririyar kibiya a kusurwa.

“Wannan fa, mai lemo da biskit, sunan wa ke ƙarshenta?”

Kawu ya karɓe takardar ya jefa a baƙin rami. Na kai wa malam na lojikal kaɗai, ya rubuta “Ina na fizikal?” ya rage min maki. Tun ranar Hajiya ke ƙara min nama a miya, wai in sake zana mata daga ka.